Dawo da Hankali Gida: Nazari kan Horon Natsuwa ga Masu Tarwatsewar Hankali da Masu Ɗauke da Damuwa

Idan aka ce wa mutumin da ba ya iya karanta shafi ɗaya sai zuciyarsa ta fice ya zauna shiru ya lura da numfashinsa, abin da zai fara zuwa ransa shi ne an raina masa wayo. Ai abin da ya gagare shi ke nan tun yana ɗan aji ɗaya. Duk da haka, kusan shekara ashirin ke nan likitocin ƙwaƙwalwa a Amurka da Turai suna gwada wannan hanya a kan masu larurar tarwatsewar hankali, kuma abin da suka samu ba na yarwa ba ne, ko da yake bai kai yadda masu tallar manhajojin waya ke kururutawa ba. Tambayar da ta dace a tsaya a kanta ita ce: wane ɓangare na wahalar mutum wannan horo yake taɓawa, wane ɓangare kuma yake bari yadda ya same shi?

Larurar da likitoci ke taƙaita sunanta da ADHD ta daɗe a littattafansu. Alexander Crichton, wani likita ɗan Sikotland, ya siffanta masu irin wannan rashin tsayuwar hankali tun a 1798, sannan George Still ya gabatar da laccoci a kan yara masu ita a Landan a 1902. Alamominta uku ne: kasa tsayar da hankali a kan abu ɗaya, kasa zama wuri ɗaya, da aikata abu kafin a yi tunani. Ba a tabbatar wa mutum da ita sai alamomin sun fara kafin ya cika shekara 12, sun bayyana a wuri fiye da ɗaya, kamar gida da makaranta, kuma suna yi masa ɓarna a rayuwa. Binciken da Guilherme Polanczyk da abokan aikinsa suka tattara a 2007 ya nuna wajen yara 5 cikin kowane 100 a duniya suna da ita. A manya kuwa ƙiyasin ya tsaya wajen 2 zuwa 3 cikin 100. Nazarin da aka yi a kan tagwaye ya nuna gado ne ke ɗaukar kaso mafi girma na dalilinta, wajen kashi 74 cikin ɗari. Wannan adadi yana da nauyi, domin a gida ba da sunan larura ake kiran yaron ba. Mai ƙiriniya ake ce masa, mai rawar kai, mai kunnen ƙashi. Yarinyar da tata larurar ba ta zuwa da tsalle-tsalle, wadda sai dai a ga ta yi zuru tana kallon taga, ita kuma a ce shiririta ta yi mata yawa. Kafin su girma sun haddace waɗannan sunaye, sun koma suna kiran kansu da su.

Tafiyar hankali kuwa ba ta masu larura kaɗai ba ce. A 2010 Matthew Killingsworth da Daniel Gilbert na Jami'ar Harvard sun wallafa wani bincike a mujallar Science. Sun yi amfani da manhajar waya da ke tsinkayar mutum a kowane lokaci ta tambaye shi me yake yi, me yake tunani, yaya yake ji a ransa. Daga amsoshin mutum 2,250 sun gano cewa a kashi 46.9 cikin ɗari na lokutan da aka tambaya, zukatan mutanen ba sa kan abin da hannuwansu ke yi. Sun kuma ga cewa mutane sun fi rashin walwala a lokacin da zuciya ta tafi yawo. Tun a 2001 Marcus Raichle ya bayyana wasu sassan ƙwaƙwalwa da ke kama aiki tare idan mutum ba ya kan wani aiki takamaimai, su ne masu saƙa da warwara kan jiya da gobe da abin da wane ya faɗa. Ga yawancin mutane waɗannan sassa suna lafawa idan an fuskanci aiki. Edmund Sonuga-Barke da Xavier Castellanos sun kawo hasashe a 2007 cewa a wajen masu ADHD ba sa lafawa yadda ya kamata, sai su riƙa kutsowa cikin aikin. Hasashe ne da ake ci gaba da tantancewa, amma ya dace da abin da masu larurar ke faɗa da bakinsu: ba ƙin saurare suka yi ba, farkawa kawai suka yi suka ga malami ya yi nisa.

Horon da ake magana a kai, wato halarto da hankali a kan abin da ke faruwa yanzu ba tare da yanke masa hukunci ba, ya shiga asibiti ne ta hannun Jon Kabat-Zinn. Masanin kimiyyar halittu ne da ya yi digirin digirgir a MIT, ya kuma koyi zaman tsokaci a wajen malaman addinin Buda. A 1979 ya buɗe wani ɗan sashe a makarantar koyon likitanci ta Jami'ar Massachusetts, inda ya riƙa karɓar marasa lafiyar da magani ya yi iyakar ƙoƙarinsa a kansu, musamman masu ciwon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Tsarin nasa na mako takwas ne: haɗuwa sau ɗaya a mako ta wajen awa biyu da rabi, da aikin gida na minti 45 kusan kullum. A darasin farko ana miƙa wa kowa ƙwayar zabibi, wato busasshen inabi. Ana cewa ya ɗora ta a tafin hannu ya dubi tamojinta da inda haske ke sauka a jikinta, ya murza ta kusa da kunne, ya shinshina, ya ɗora a harshe bai tauna ba har ya ji yawu ya taru, sannan ya tauna sau ɗaya ya tsaya. Abin da mutum ya saba watsawa baki da cikin hannu sai ya ɗauke shi mintuna. Manufar ita ce ya gani da kansa yadda yake cin abinci, yake tafiya, yake sauraron iyalinsa alhali ba ya wurin.

A nan ne mutane da yawa ke yi wa abin gurguwar fahimta. Suna zaton nasara ita ce a zauna zuciya ta yi tsit, don haka da zarar tunani ya kutso sai su ce sun kasa. Wendy Hasenkamp ta Jami'ar Emory ta nuna a 2012 cewa ba haka zaman yake ba ko a wajen waɗanda suka daɗe suna yi. Ta sa mutum 14 cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa suna lura da numfashinsu, ta ce duk lokacin da suka farga zuciya ta tafi su danna maɓalli. Sun yi ta dannawa. Daga nan ta rarrabe matakai huɗu da ke zagayawa: zuciya ta tafi, mutum ya farga, ya juyo da ita, ya riƙe ta na ɗan lokaci kafin ta sake tafiya. Fargar da juyowar su ne horon. Kamar makiyayi ne da akuya mai shiga gonar mutane: gwanintarsa tana cikin saurin ganin ta ɓalle da kuma koro ta ba tare da ya karya mata ƙafa ba. Idan haka ne, mai tarwatsewar hankali bai fi kowa rashin dacewa da wannan aiki ba. Abin da ake motsawa shi ne daidai gaɓar da take da rauni a wajensa.

Sai dai minti 45 a zaune ya fi ƙarfinsa, kuma Lidia Zylowska, likitar ƙwaƙwalwa a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, ta gane haka. Ta gyara tsarin: a fara da minti 5 a rana, a ƙara a hankali har zuwa 15. Wanda zama ya dame shi ya tashi ya yi tafiya a hankali yana lura da yadda tafin ƙafarsa ke taɓa ƙasa. Ta ƙara darussa kan ita kanta larurar, ta kuma sa a rufe kowane zama da horon yi wa kai fatan alheri, saboda ta lura da yadda masu larurar ke kallon kansu da ƙasƙanci. Rahoton da ta fitar a 2008 ya ƙunshi manya 24 da matasa 8, kuma mafi yawansu sun kammala, suka ce alamomin sun ragu. Rauninsa a fili yake: mutanen kaɗan ne, kuma babu wani rukuni na daban da aka kwatanta su da shi.

Gwajin da ya fi ƙarfi an yi shi ne a Holan. Lotte Janssen da abokan aikinta sun raba manya 120 masu ADHD gida biyu ta hanyar ƙuri'a, kashi ɗaya suka ci gaba da kulawar da suka saba samu, ɗaya kashin aka ƙara musu horon mako takwas. A sakamakon da aka wallafa a 2019, kashi 27 cikin ɗari na waɗanda suka yi horon sun samu raguwar alamomi mai ma'ana, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 4 ne kawai, kuma amfanin bai gushe ba bayan wata shida. Adadin yana da fuska biyu. Ya ninka na ɗaya rukunin sau da yawa, amma kuma yana nufin kusan mutum uku cikin huɗu ba su kai wannan matsayi ba. A yara labarin ya fi rauni. Wani gwaji da aka yi a ƙasar a kan yara 103 masu shekara 8 zuwa 16 tare da iyayensu bai nuna bambanci a jimlace ba wajen iya kame kai, ko da yake wasu ɗaiɗaikun yara sun amfana, iyayen ma sun samu sauƙi a nasu ɓangaren. Idan aka auna da magani, tazarar hujja tana da faɗi. Nazarin da Samuele Cortese ya jagoranta a 2018 ya tattara gwaje-gwaje 133 a kan magungunan larurar, ya kuma nuna tasirinsu a kan ainihin alamomin, aƙalla a gajeren zango, a tabbace yake. Duk wanda ya ce wa iyaye su ajiye maganin da likita ya rubuta su koma zaman numfashi ya zalunce su.

Haka ma hujja ta yi rauni a batun da ake yawan yaɗawa cewa mako takwas na horon yana sauya ginin ƙwaƙwalwa. Ƙananan bincike ne suka fara faɗin haka. Da aka maimaita da mutum sama da 200 a Jami'ar Wisconsin, rahoton 2022 bai ga wani sauyi a ginin ba.

To ina amfanin ya fi zama? A ganina amsar tana cikin wani reshe na daban na binciken, wanda ya shafi ciwon damuwa. Zindel Segal da Mark Williams da John Teasdale sun tambayi kansu dalilin da ke sa wanda ya warke daga ciwon damuwa yake sake faɗawa. Abin da suka lura da shi shi ne, ga wanda ya sha fama da ciwon, ɗan ɓacin rai kaɗan ya isa ya tayar da tsohon karatu: ni dama ba ni da amfani, kullum haka nake, ba zan taɓa gyaruwa ba. Ɓacin ran na iya wucewa da kansa, amma wannan karatu shi ke riƙe shi ya mayar da shi ciwo. Sai suka tsara horon da ke koya wa mutum ya ga tunanin a matsayin tunani da ya zo zai kuma wuce, maimakon ya ɗauke shi hukuncin ƙarshe a kan ko shi wane ne. A gwajinsu na shekarar 2000 da mutum 145, waɗanda ciwon ya taɓa kama su sau uku ko fiye sun samu raguwar komawa daga kashi 66 zuwa wajen kashi 40. A rahoton 2015 Willem Kuyken ya kwatanta tsarin da ci gaba da shan magani a kan mutum 424 a Ingila, bayan shekara biyu kashi 44 na masu horon sun koma, kashi 47 na masu magani. A 2022 kuma Elizabeth Hoge ta Jami'ar Georgetown ta samu cewa a cikin mutum 276 masu ciwon fargaba, horon mako takwas bai gaza wani sanannen maganin fargaba ba.

Idan aka ɗora wannan a kan rayuwar mai ADHD, abin yana fitowa sarari. A ce magidanci ne da ya manta an aike shi ɗauko yaro daga makaranta. Mantuwar ta faru, ta wuce. Abin da ke biyo baya shi ne yake cin yininsa: zafin kirji, muryar malaminsa na firamare da ta mahaifinsa suna dawowa, kunyar haɗa ido da uwargida, sannan ya ɗauki waya ya nutse a cikinta don ya guje wa duk wannan, daga nan ya sake manta wani abin. Kaya biyu yake ɗauke da su, na larurar da na zargin kai, kuma na biyun yana ƙara wa na farkon nauyi, domin zuciyar da ke cikin fargaba ba ta riƙe abu. Horon yana ɗan rage na farkon. Na biyun ne ya fi sauke masa. Wanda ya saba juyo da zuciyarsa kan numfashi sau da yawa ba tare da ya zagi kansa ba, yana samun ɗan tsaiko tsakanin abin da ya ji da abin da zai yi, kuma cikin wannan tsaiko ne zai iya cewa, na manta, bari in tashi yanzu in je. Ga wanda ya shekara talatin yana jin shi ne matsalar gidansu, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Gwajin da ya fi taɓa ni ba a ɗakin shan magani na Turai aka yi shi ba. A matsugunin 'yan gudun hijira na Rhino da ke arewacin Yuganda aka yi, da mata 694 da yaƙi ya koro daga Sudan ta Kudu. Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta tsara shirin: zama biyar na awa biyu-biyu, mata ashirin zuwa talatin a wuri ɗaya, ana kunna musu murya da aka naɗa da Larabcin Juba, da ɗan littafi mai hotuna, masu jagorantar zaman kuma ba likitoci ba ne, an dai yi musu gajeren horo. Ɗaya daga cikin darussan shi ne abin da mace za ta yi idan tunani ya taso mata kamar hadari. Ta fara ambata wa kanta abin da take ji. Ta fitar da numfashi a hankali, ta danna tafin ƙafarta a ƙasa, ta miƙe hannuwa. Sai ta duba kewaye ta ƙirga abubuwa biyar da take gani, ta saurari abin da kunnenta ke ji, ta taɓa abin da ke kusa da ita ta ji laushinsa ko kaushinsa, sannan ta koma kan abin da take yi, ko daka ne ko shayar da yaro. Wietse Tol da abokan aikinsa sun ruwaito a 2020 cewa ƙuncin matan ya ragu sosai bayan kammala shirin, bayan wata uku kuma bambancin da ke tsakaninsu da waɗanda ba su yi shirin ba yana nan amma ya ragu. A Turkiyya an gwada shirin da 'yan Siriya 642, bayan wata shida wajen kashi 22 na waɗanda suka yi shirin ne suka kamu da larurar ƙwaƙwalwa, a ɗaya rukunin kuwa wajen kashi 41.

Babu ɗaya daga cikin matan nan da horon ya mayar mata da gonarta ko mijinta. Wannan ne ya sa sukar da Ronald Purser ya yi a littafinsa na 2019 take da tushe: kamfani na iya ƙure ma'aikaci da aiki ya kuma tura shi ajin numfashi, gwamnati na iya barin talaka cikin yunwa a ce masa ya koyi natsuwa. Inda aka yi haka an mayar da horon abin rufe bakin mai kuka. Amma ban yarda sukar ta soke amfanin ba. Matar da ta samu barci, ta iya sauraron ɗanta, ta fi ƙarfin zuwa layin rabon abinci ta nemi haƙƙinta.

Akwai wuraren da abin ya faɗi ƙasa warwas. A Birtaniya an gwada shi a makarantu 84 a kan ɗalibai 8,376 masu shekara 11 zuwa 14, inda aka koyar da wajen rabinsu a darussa goma cikin aji. Sakamakon 2022 ya nuna bai fi darussan da aka saba ba, yawancin yaran ba su ma yi aikin gidan ba, kuma an ga alamun cewa waɗanda dama suke da rauni bai yi musu daɗi ba. Abin da manya suka zaɓa da kansu suka amfana, da aka ɗora wa yara a matsayin darasi sai ya zama wani nauyin. Sannan yana iya cutarwa. Willoughby Britton da Jared Lindahl na Jami'ar Brown sun tattauna da mutum 60 masu zaman tsokaci suka wallafa a 2017 irin abin da wasu suka gamu da shi: firgita, rashin barci, jin kamar jiki ba nasu ba, da dawowar tsohon tashin hankali. Wanda ya ga kisa da idonsa, rufe ido cikin shiru na iya mayar da shi wurin. Shi ya sa masu koyarwa da suka san aikinsu ke cewa irin wannan mutum ya bar idonsa a buɗe, ya jingina hankalinsa da sauti ko da tafin ƙafa, ya kuma tsaya duk lokacin da ya ga abin na neman fin ƙarfinsa.

Mai karatu Musulmi zai tambayi asalin abin, kuma tambayar halas ce. Tushensa na addinin Buda ne, babu amfanin ɓoyewa, ko da yake abin da ake yi a asibiti babu bauta ko kiran wani suna a cikinsa. Ba daidai ba ne kuma a ce shi ne khushu'i ko muraƙaba, domin waɗannan Allah ake nufi da su, wancan kuwa lafiya ake nema. Abin da ya haɗa su shi ne sanin halin zuciyar ɗan Adam. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi dogon bayani a Ihya'u kan halartowar zuciya a salla da abubuwan da ke ɗauke ta. Duk wanda ya karanta Ahalari a zaure ya san babin rafkanwa, da ƙabli da ba'adi, wato shari'a ta riga ta san zuciya za ta tafi, ta kuma tanadi hanyar gyara maimakon a rushe sallar. Har mai yawan wasi-wasi an ba shi hukuncinsa na daban: ya watsar da kokwanton, ya yi sujada bayan sallama, kada ya biye wa zuciyar. Iyaye da malaman da suka san wannan sassauci a ibada suna da abin da za su tuna idan yaro ya manta aike karo na uku.

Kafin a kai ga kowane horo, yaron da ba ya mayar da hankali yana buƙatar a duba shi. Yunwa, ƙarancin jini, rashin barci, raunin ji ko gani, wani nau'in farfaɗiya mai sa yaro ya ɗauke na 'yan daƙiƙu, da firgicin da ya biyo bayan tashin hankali, duk suna kama da ADHD, kuma kowanne maganinsa daban. Asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Barnawa a Kaduna da Kware a Sakkwato da na Maiduguri suna da masu iya tantancewa, sai dai likitocin wannan fanni a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 a madadin tsohuwar dokar 1958 ba za ta samar da su dare ɗaya ba. A irin wannan hali tsarin Yuganda ne ya fi kusa da abin da za a iya yi a sansanonin 'yan gudun hijira na Borno da Zamfara: lasifika, murya da aka naɗa da Hausa ko Barbarci, littafin hotuna, da mace daga cikin al'umma da aka horar. A Rhino ba a sa waɗanda ke da alamun taɓin hankali mai tsanani ko niyyar kashe kansu cikin rukunin ba, an tantance su tun farko don a nema musu kulawar da ta dace da su, kuma duk wanda zai kwaikwayi shirin dole ya fara tanadar wannan hanya kafin ya kunna lasifikar.